Sunan Kamfani Ba Filin Allah Ba Ne: Abin Da Ya Samu Ɗan Yayata A Cinikin Domen

Labarin ɗan yayata ne, kuma da yardarsa nake ba da shi, bisa sharaɗin kada in faɗi sunansa ko sunayen kamfanonin da ya yi karo da su. Sana'ata haɗa wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyi shafukan intanet ce a nan Damagaram, don haka rajistar adireshin shafi, abin da muke kira domen, aiki ne da hannuna ya saba da shi. Shi ya sa da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, wurina uwarsa ta kawo shi. Abin da ya tilasta mini rubutawa kuwa shi ne, har yanzu a fadojin samari, daga Birni zuwa Sabon Gari, ana dafa shayi ana yaɗa zancen da ya jefa shi rami: wai ka riga kamfani kama sunansa a intanet, ka zauna, shi da kansa zai zo yana roƙonka da kuɗi.

Yaron ya gama jami'a, ya yi shekara biyu babu aiki, yana karɓar kabu-kabun wani abokinsa da maraice don ya samu na sabulu. Ba malalaci ba ne, ba kuma macuci ba. A waya ya ci karo da masu koyar da wannan ciniki, suna jero lambobi masu sa mutum ya kasa barci: an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019, Facebook ya sayi fb.com dala miliyan 8.5 a 2010, Elon Musk ya ce tesla.com ya ci musu dala miliyan 11. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Lambobin nan duk gaskiya ne. Abin da ba a gaya wa yaran shi ne dalilin da ya sa cinikin ya halatta. Voice kalma ce ta ƙamus a Ingilishi, ma'anarta murya, ba mallakin kowa ba. Fb.com na wata ƙungiyar manoman Amurka ne, haruffan farko na sunanta ke nan tun kafin a san Facebook. Tesla.com kuwa an yi masa rajista a 1992, kamfanin motar bai zo duniya ba sai 2003. A cikin mutanen nan babu wanda ya hangi kamfani da sunansa sannan ya ruga ya tare masa hanya.

Shi ɗan namu ya ɗauki abin kamar sayen fili ne. Kowa a garin nan ya san wanda ya sayi fili a bakin gari, hanyar Mirriya ko hanyar Tanut, lokacin da wurin daji ne, ya yi haƙuri gari ya iske shi. To amma domen ba a sayensa, haya ake yi, shekara shekara, kuma hayar tana da takarda. Ɗan akwatin nan da ake dannawa ba a karanta ba kafin a biya kuɗi, a cikinsa mutum ya yi alkawari cewa sunan da yake kamawa bai taka haƙƙin kowa ba, cewa binciken haka nauyinsa ne shi kaɗai, kuma ya yarda idan mai tambari, wato mai sunan kasuwancin da doka ta kare masa, ya kai ƙara a yi musu shari'a da dokar rigingimun domen da ake kira UDRP. Hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ita ta kafa dokar a 1999, kuma duk mai riƙe da .com ko .net ko .org yana ƙarƙashinta, ko yana Nuyok ko yana Garin Malam. Idan ana son misali daga gida, kasuwar dabbobi ta fi kusa da gaskiya. Ka sayi raƙumi da kuɗinka a gaban dillali, amma yana ɗauke da shaidar wani a wuyansa. Ranar da mai shaidar ya zo, cewa ka biya kuɗi ba za ta hana shi jan raƙuminsa ba.

Jika 400, wato sefa 400,000, ya karɓa daga adashin uwarsa, ya zuba a katin banki irin wanda ake loda wa kuɗi. A lokacin .com ɗaya yana kamawa wajen jika 7 a shekara. Cikin wata biyu ya tara suna 38. Da muka baje su daga baya, kashi uku suka kasu. Akwai kalmomi na gari, irin sunan sana'a ko amfanin gona haɗe da sunan gari, waɗanda ba su da laifin komai. Akwai guda 11 da ya ɗauki sunan sanannen kamfani, na waya, na siminti, na babur, na banki, ya liƙa masa niger ko zinder ko sahel a baya, biyu daga ciki ma ya sauya harafi ɗaya da gangan don ya kama masu kuskuren rubutu. Sai guda ɗaya, wanda ya fi ji da shi, tsohon adireshin wani kamfanin ƙetare mai sayar da kaya a ƙasashenmu, wanda aka yi sakaci ba a sabunta ba har ya faɗa gwanjo. Wannan kaɗai ya ci jika 110.

Ya gaya mini cewa malamansa na waya sun tabbatar masa muddin ya ƙara wata kalma, suna ya zama nasa. Wannan ƙarya ce da ta halaka mutane da yawa. Masu yanke hukunci a ƙarƙashin UDRP sun daɗe da daidaita a kan cewa idan ana iya gane tambarin a cikin domen, ƙarin sunan ƙasa ko gari ko wata kalma irin shop ba ya kawar da kamar. Sau da yawa ma ƙarin ne ke ƙara nauyin laifi, domin wanda ya ga sunan banki haɗe da niger zai ɗauka reshen bankin ne na Nijar. Wutsiyar suna, wato .com ko .net, ba a lissafa ta wajen kwatantawa. Sauya harafi kuwa shi ya fi muni, don babu wani bayani da mutum zai kawo ban da cewa ya san sunan asali kuma shi ya nufa.

Kuskure na biyu ya zo ne ba da saninsa ba. Ya ɗora sunayen a kasuwannin domen, ya kuma kunna abin nan da ke cika shafin da ba a gina ba da tallace-tallace, ana ba mai suna ɗan wani abu idan an danna. Na'ura ce ke zaɓen tallar gwargwadon kalmar da ke cikin sunan. Saboda haka a shafin da ke ɗauke da sunan kamfanin waya, tallar abokan gasarsa ce ta fito. Abin da ya samu daga wannan a wata shida bai kai kuɗin buhun gawayi ba, amma lauyoyi sun ɗauki hoton shafin da kwanan wata. A wurin masu hukunci, cewa na'ura ce ta sa ba ni ba ba ta wanke mutum. Suna naka ne, abin da ya bayyana a kansa kai ke da alhaki. Kuma kada wani ya ce to sai in bar shafin fayau. Tun shari'ar kamfanin Telstra na Ostireliya a shekarar 2000 aka yanke cewa riƙe sanannen suna a ajiye, ba a komai da shi, yana iya zama mugun nufi idan babu wata halastacciyar hanyar da mai riƙon zai yi amfani da shi.

Sai babban kuskuren, wanda a kansa nake son mai karatu ya tsaya. Da wata uku suka wuce babu mai taya, lokacin zubin adashi kuma yana matsowa, sai ya zauna ya rubuta wa kamfanin ƙetaren nan wasiƙa ta imel. Na karanta ta da idona. Cikin ladabi ya rubuta, ya gaishe su, ya ce ya lura tsohon adireshinsu ya kuɓuce musu, yana hannunsa, zai mayar musu a kan dala 5,000, kuma gara su hanzarta don akwai wasu masu sha'awa. A ganinsa tayin ciniki ya yi, irin wanda ake yi kullum a Kasuwar Dole. A idon doka kuwa takardar amsa laifi ya rubuta ya sa hannu. Sashe na 4(b) na UDRP ya jero alamomin mugun nufi, kuma ta farko ita ce a ga mutum ya kama suna ne musamman don ya sayar wa mai tambarin, ko abokin gasarsa, a kan kuɗin da ya wuce abin da ya kashe. Wasiƙar ta nuna ya san kamfanin, ta nuna farashin da ya ninka abin da ya kashe sau ashirin da wani abu, zancen wasu masu sha'awa kuma ya zama barazana.

Wannan ba sabon tarko ba ne. Shari'ar farko da hukumar OMPI, mai kula da haƙƙin tambura da ƙirƙira ta duniya, wadda masu Ingilishi ke kira WIPO, ta yanke a ƙarƙashin wannan doka a watan Janairun 2000, ta wani mutum ce da ya kama sunan ƙungiyar kokawa ta World Wrestling Federation, bayan kwana kaɗan ya rubuta musu yana neman su saya. An ƙwace sunan. Kafin nan, a 1998, kotun Amurka ta kayar da Dennis Toeppen, wanda ya kama panavision.com ya nemi dala 13,000 daga kamfanin Panavision. Har yaron nan ɗan Kanada, Mike Rowe, wanda sunansa na yanka ne ya sa a mikerowesoft.com, mai kama da Microsoft wajen furuci, da Microsoft ta taya masa dala 10 ya ce sai 10,000, wannan amsar ce lauyoyi suka riƙe a matsayin hujja a 2004, sai da surutun jama'a ya yi yawa aka sasanta. Shi yana da sunansa da zai fake da shi. Ɗan namu ba shi da komai.

Kamfanin bai amsa masa da kansa ba. Bayan mako uku wasiƙar lauyoyi ta zo, da Ingilishi, ɗauke da lambobin rajistar tambarinsu, suna ba shi kwana bakwai ya miƙa sunan, har suka ce za su mayar masa da kuɗin rajista idan ya kawo rasit. Nan ne ƙofar fita ta buɗe, kuma da ya zo wurina a ranar da labarin ya ƙare a nan. Amma abokan fada suka ce masa tsoro suke ba ka, ai tunda suka rubuto suna so ne, ka tsaya. Ya mayar da amsa ya rage zuwa dala 3,000, ya kuma ƙara da abin da ya ɗauka gyara ne: zai haɗa musu da wasu sunaye biyu masu kama da nasu. Da hannunsa ya nuna musu cewa ba tsautsayi ba ne, ɗabi'a ce, wadda ita ma tana cikin jerin alamomin mugun nufi.

Ga yadda ƙarar take tafiya, don wanda bai taɓa gani ba. Mai tambari yana shigar da ita ta intanet a cibiyar sulhu ta OMPI da ke Jeniba, ko wata cibiyar da ICANN ta amince da ita. A OMPI kuɗin dala 1,500 ne idan sunayen ba su wuce biyar ba kuma alƙali ɗaya ake so, dala 4,000 idan uku ne. Ga babban kamfani wannan ba kuɗi ba ne, shi ya sa lissafin yaran cewa gara su biya ni da su je shari'a ba ya tsayawa: wanda ka nema wa 5,000 yana da hanyar 1,500 wadda kuma za ta zama gargaɗi ga na baya. A 2023 kaɗai OMPI ta karɓi ƙararraki sama da 6,000. Da an shigar, cibiyar tana tuntuɓar kamfanin da aka yi rajista a wurinsa, shi kuma cikin kwana biyu na aiki zai kulle sunan, ya kuma ba da cikakken suna da adireshin mai shi. Ɓoye sunan da ake saya ko ake bayarwa kyauta wajen rajista yana kare mutum daga masu leƙe ne kawai, ba daga wannan ba. Ɗan namu ya yi ƙoƙarin tura sunan zuwa asusun abokinsa, ya tarar a kulle. Daga ranar da aka sanar da mutum yana da kwana 20 ya ba da amsa, yana iya roƙon ƙarin kwana 4. Harshen shari'ar shi ne harshen yarjejeniyar rajista, kuma da yake a kamfanin Amurka ya yi, Ingilishi ne, alhali shi da Faransanci ya yi karatu. Babu zama, babu tsayuwa gaban alƙali, takardu ne kawai. In ka yi shiru ba a jiranka.

Sanarwar ta shiga wani akwatin imel da ya buɗe don rajista kawai, ba ya duba shi. Kwana 12 sun wuce kafin ya gani.

Bayan sallar isha'i suka zo. Yaya ta zauna a bakin tabarma, ba ta ko taɓa ruwan da aka kawo ba, ta ce, "Ga ɗanka nan. Ni ban san abin da ya taɓo ba, ya ce Turawa sun kai shi ƙara. Ka gaya mini gaskiya, ɗaure shi za a yi?"

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, wannan shari'ar ba ta ɗauri, ba ta tara. Iyakarta a karɓe sunan."

Shi kuwa kansa a ƙasa ya ce, "Kawu, amma fa da kuɗina na saya, a gwanjo, kowa yana gani. Su suka yar da shi. Kuma sunan ya girmi rajistar tambarinsu, na duba."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni tausayi, don ya yi bincike, sai dai ya tsaya rabin hanya. Gaskiya ne an fara rajistar adireshin tun kafin kamfanin ya yi rajistar tambarinsa. Amma masu hukunci ba ranar haihuwar domen suke dubawa ba, ranar da ya shigo hannunka suke dubawa. Wanda ya riƙe suna tun asali yana sabuntawa, tsufan sunan yana kare shi. Da ya sauya hannu, ta gwanjo ko ta ciniki, lissafi ya koma sabo, sai a tambaya: ranar da kai ka saya, tambarin yana nan? Ka san da shi? Duk mai sayen sunayen da suka faɗi ya riƙe wannan. Sakacin kamfani wajen sabunta adireshi ba ya kashe tambarinsa. Suna ma ba ya faɗuwa dare ɗaya: a .com akwai wa'adin da kan kai kwana 45 bayan ƙarewa, sannan kwana 30 na fansa, sannan kwana 5 kafin a sake shi, kuma kamfanonin rajista da yawa suna sa shi gwanjo tun cikin wa'adin farko. Yawan masu ziyara da ke sa irin wannan suna tsada a gwanjo, mutanen tsohon mai shi ne suke nemansa, kuma wannan ita ce hujjar da za a kafa maka.

Muka bi tambayoyi uku da dole mai ƙara ya tabbatar da su duka. Sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarin da suke da haƙƙi a kai? Harafi da harafi. Yana da wani haƙƙi ko halastacciyar bukata a sunan? A nan doka ta ba da mafita uku: ko kana sana'ar gaskiya da sunan tun kafin rigima ta taso, ko da sunan aka san ka, ko kana amfani da shi ba don kuɗi ba kuma ba don ruɗar mutane ba. Na tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda. An yi rajista kuma an yi amfani da shi da mugun nufi? Wasiƙunsa biyu suna maƙale a bayan ƙarar. Ba kullum mai ƙara ke nasara ba. Mawaƙin Ingila Sting ya nemi sting.com a 2000 bai samu ba, don kalmar ta gama-gari ce kuma ba a nuna mugun nufi ba. Uzi Nissan ya riƙe nissan.com, sunan gidansu da na sana'arsa, duk da shekarun da kamfanin motar ya yi yana shari'a da shi tun 1999. Har akwai hukuncin da ake yi wa kamfanin da ya kai ƙarar zalunci don ya ƙwace sunan da ba nasa ba. Wanda yake da gaskiya ya ba da amsa, bayar da ita kyauta ne, sai fa in shi ya nemi alƙalai uku, nan zai biya rabi, dala 2,000. Ɗan namu dai ba ya cikin masu gaskiyar, kuma na gaya masa haka a gaban uwarsa.

Abin da ya rage shi ne sulhu. Doka ta yarda a dakatar da ƙara, a cike takardar sasantawa, a miƙa suna, kuma idan an yi haka kafin a naɗa alƙali ba a rubuta hukunci, mai ƙara ma ana mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Muka rubuta a daren, gajeriyar wasiƙa, babu gardama, babu neman ko dala: ya yarda ya miƙa. Sulhu sai da yardar ɓangare biyu, su kuma suka zaɓi a kai ƙarshe, kuma ban ga laifinsu ba bayan amsar da ya ba su a baya. Alƙali yana da kwana 14 daga naɗa shi. Hukunci ya fito, a mayar da suna. Bayan haka akwai kwana 10 na aiki da mutum zai iya tsayar da zartarwa idan ya shigar da ƙara a kotu, amma kotun da mai ƙara ya zaɓa tun farko ita ce ta inda kamfanin rajista yake, wato Amurka. Ko kuɗin awa ɗaya na lauyan can ba mu da shi.

Asarar jika 110 ba ita ce ta fi ciwo ba. Hukuncin UDRP ana wallafa shi a fili, da cikakken sunan wanda aka kai ƙara da ƙasarsa, kuma yana nan. Duk wanda ya rubuta sunan yaron a Google yana iya cin karo da shi, da kalmar mugun nufi a jikinsa. Ga mai neman aiki a ƙungiyoyin ƙetare, waɗanda su ne manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankinmu, wannan tabo ne. Idan kuma wani kamfani ya sake kai shi ƙara, hukuncin farko shi ne shaidar cewa ya saba.

Na ce wa Yaya babu tara, kuma a UDRP haka ne, amma ba ita kaɗai ce hanya ba. Amurka tana da dokarta ta 1999, ACPA, wadda ta ba kotu damar cin tarar mutum daga dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna ɗaya. A 2008 kamfanin Verizon ya samu hukuncin dala miliyan 33.15 a kan suna 663, wato 50,000 kowanne. Dokar ta kuma yarda a kai ƙarar sunan kansa idan ba a iya kamo mai shi ba, kuma rumbun .com gaba ɗaya yana hannun Verisign a jihar Birjiniya, don haka zama a Damagaram ba ya ɓoye domen. A gida kuma Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, hukumar rajistar tambura ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedkwata a Yawunde, a ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda aka sake gyarawa a Bamako a 2015. Rajista ɗaya a can tana kare tambari a dukkan ƙasashen na shekara 10, ana sabuntawa, kuma mai tambarin yana iya kai mutum kotun ƙasarmu. Mafi hatsari shi ne imel. Wanda ya riƙe adireshi mai kama da na banki yana iya buɗe akwatin wasiƙa da shi, kuma masu neman sayen irin wannan suna a ɓoye galibi ƴan damfara ne. Ka sayar musu, su cuci mutane, sawun farko da za a bi naka ne, kuma muna da dokar laifukan intanet tun 2019. A nan kam akwai ɗauri.

Washegarin zuwansu wurina muka zauna a kan sauran 37. Masu sunan kamfanoni muka fara da su: muka kashe tallar, muka cire su daga kasuwa, muka kashe sabuntawa ta kai tsaye, muka nemi kamfanin rajista ya soke su. Wani kamfani na biyu ya riga ya aiko da gargaɗi, muka miƙa masa nasa a ranar, ya yi godiya, magana ta mutu. Sauran muka bi su ɗaya ɗaya da binciken da ya kamata a yi tun kafin a biya ko sisi. Ana rubuta kalmar a rumbun tambura na OMPI, Global Brand Database, da TMview, duka kyauta ne, a duba na INPI, ofishin tambura na Faransa, da na Amurka, idan abin na yankinmu ne kuma da nauyi a nemi bincike ta ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai. Najeriya ba ta cikin OAPI, rajistarta daban take a Abuja, kuma da yake rabin kayan kasuwarmu daga Kano suke shigowa, wanda ya tsallake wannan bai yi bincike ba. Sannan a rubuta kalmar a Google a ga wa ke fitowa a shafin farko, domin UDRP tana karɓar tambarin da ba a yi wa rajista ba idan an nuna jama'a sun san kaya da shi. A duba tarihin sunan a Wayback Machine, rumbun tsofaffin shafukan intanet, a ga wa ya taɓa zama a kansa. A kuma lura da aji: tambura kashi 45 ne, 34 na kaya, 11 na hidima, shi ya sa kalmar gari za ta iya zama tambarin wani a sabulu ta kuma zama halal gare ka a harkar goro, muddin shafinka bai leƙa harkar sabulu ba. A ƙarshe a rubuta dalilin sayen sunan da kwanan wata a ajiye. Biyu daga cikin kalmominsa na gari sun faɗi wannan jarrabawa, muka sake su.

Akwai masu shago na gaskiya da ke tambayata, mai sayar da kayan gyaran wani babur ko wayoyin wani kamfani, ko zai iya sa sunan kayan a adireshinsa. Akwai ƙa'ida tun shari'ar Oki Data ta 2001, sharuɗɗa huɗu: lalle kana sayar da kayan, su kaɗai kake sayarwa a shafin, ka bayyana ƙarara cewa kai ba kamfanin ba ne, kuma ba ka kwashe sunaye da yawa ka hana mai shi ba. Sharaɗi na biyu ne ke kayar da mutanenmu, don babu shagon da ke sayar da kaya iri ɗaya tak. Shawarata kullum ita ce mutum ya sa sunan shagonsa. Kuma mai kamfani a garin nan ya sani cewa lambar rajistar kasuwanci, RCCM, ba tambari ba ce, ba kuma domen ba ce. Abu uku ne daban, kowanne da ƙofarsa, kuma jika 7 ta shekara ta fi sauƙi a kan neman ƙwato suna daga hannun wani.

Ana cikin haka wani ya rubuto masa zai sayi ɗaya daga cikin sunayen a kan dala 8,000, amma sai ya kawo takardar kimanta daraja daga wani shafi da shi mai sayen ya nuna, kuɗinta dala 90. Yaron ya zo da murna yana cewa Kawu, Allah ya kawo mafita. Tsohuwar damfara ce, mai sayen da mai kimantawar mutum ɗaya ne. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya komai, kuma kuɗi ta hannun amintaccen mai riƙo irin Escrow.com ko ta kasuwar kanta suke bi, ita kuma ta cire ladanta.

Da shekara ta zagayo ya sabunta guda shida kawai, don kowane suna da aka riƙe bashi ne mai dawowa duk shekara. A cikinsu ya sayar da ɗaya, kalma biyu ta Faransanci da ta shafi fata da kirgi, ga wani mai fitar da kayan dukawa, a kan jika 85, bayan wata goma sha huɗu yana jira. Wani kuma ya gina shi da kansa ya zama shafin wani mai sayar da tsabar albasa da kayan lambu, kuma daga nan ne ya fara samun aikin haɗa shafuka, yanzu tare muke wasu ayyukan. Uwarsa yana biyanta jika 15 duk wata, saura wata biyar ya gama. Watan jiya ya cike takardar neman aiki a wata ƙungiya, ya zo ya tambaye ni ko ya ambaci hukuncin ko ya yi shiru. Na ce ya rubuta shi da kansa a layi biyu, da shekarar da abin da ya yi bayan nan, kafin su gano. Ya rubuta, ya aika ranar Litinin.